Kanwa, Filasko da Kalomel: Tarihin Wankin Ciki a Bakin Kwara

Babu kasuwar da za ta ci a ƙasar Yawuri, ko Yelwa ce ko Wara ko Shanga, ba a ji lasifikar mai maganin wankin ciki ba. Yakan jero cututtuka kamar malami na kiran sunayen 'yan aji: basir, dattin ciki, kumburi, taurin bahaya, ciwon baya, raunin mazakuta, duk maganinsu a gora ɗaya. Mukan yi dariya mu wuce, wasunmu kuma su zagayo bayan la'asar su saya a ɓoye. Mutum zai gaya wa kowa cewa zazzaɓi yake yi, amma wanda ya kwana huɗu bai zaga ba, iyakar abin da zai ce shi ne "cikina ne ba daɗi". Wannan kunyar ita ce jarin mai lasifika.

Abin kora ciki dai ba mu taɓa rasa shi ba a ƙasar nan. Abubuwa biyu ne suka daɗe suna ba mu wuya, mu da sauran duniya: nawa ya kamata a sha, kuma wane ciwo ne ma ake yi wa magani.

Mu fara da kanwa, don ta daɗe tana ratsa mu. A ƙarni na 18 da na 19 Yawuri na kan hanyar fataken goro masu tasowa daga Kano da Katsina su nufi Gwanja, kuma a wannan yanki suke ƙetare Kwara. Cikin kayan da jakunansu ke ɗauka har da kanwar Barno, wadda ake samowa daga Muniyo da Mangari da gefen tafkin Cadi. Masanin tarihi Paul Lovejoy, wanda ya yi littafi kan cinikin goro a 1980 da wani kan gishiri a 1986, ya nuna cewa ba don miya da taba kaɗai ake sayen kanwa ba, magani ce ta ciki, ga mutane da dabbobi. Dalilin yana cikin jikinta. Kanwa gauraye ce ta gishiri iri-iri. Akwai mai kashe tsamin ciki, akwai kuma mai riƙe ruwa a cikin hanji ya hana jiki tsotse shi, sai bahaya ya yi laushi ya sauka. Wannan na biyun Turawa sun san shi tun ƙarni na 17 da sunan gishirin Glauber. Matsalar ita ce dunƙulen kanwa biyu ba su zama ɗaya. Jar kanwa daban, fara daban, ungurnu daban, kuma da ido ake auna su. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya na masu jego da yawan kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Kanwar nan ce dai mai sakin ciki, yawa ne ya juya ta.

Sai filasko, ɗan tsiron nan na ƙasa mai yashi da tsofaffi ke jiƙa ganyensa. Ɗan uwa ne ga sanamaki da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci, wato sanar Makka, sai dai sanamakin ya fi shi ƙarfi. Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito hadisin Asma'u bint Umais, wadda ke kora cikinta da wani tsiro mai suna shubrum, Manzon Allah (SAW) ya nuna mata zafinsa, ta koma ga sana, ya kuma yabi sanar. Ko a nan za mu ga cewa maganar ta zaɓen mai sauƙi ce a kan mai tsanani. Likitocin Bagadaza na ƙarni na 9 suka shigar da sana cikin littattafansu, daga nan Turai ta koya, ta riƙa sayen ganyen ta tashar Iskandariya ta Masar.

Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta risala sukutum kan sakin ciki da sana, wadda aka sani da Alƙaulus Sana, ya kuma rubuta wata kan magungunan basir. Mutumin da ke fama da yaƙi da gina ribaɗi, me ya kai shi zancen bahaya? Ilimin likitancin da ya gada daga littattafan Larabci yana kallon jiki a matsayin haɗuwar ruwaye huɗu, jini da majina da safra'u da sauda'u, cuta kuwa rinjayen ɗaya ne a kan saura. Idan haka ne, fitar da abin da ya yi yawa shi ne rabin likitanci, ko ta ƙaho ko ta amai ko ta zawo. Yawuri ba ta karɓi tuta kamar Kano ko Zazzau ba, amana ta yi ta riƙe sarautarta, amma wannan fahimta ba ta san iyakar masarauta ba. Ita ce har yau ke fita daga lasifika da sunan dattin ciki.

Kada mu ɗauka Turawan da suka fara zuwa mana sun zo da abin da ya fi. A watan Agustan 1805, kusa da Bamako, atuni ya kama Mungo Park. Ya rubuta da kansa cewa ya yi ta shan kalomel har bakinsa ya kumbura, ya kwana shida bai iya magana ko barci ba. Kalomel gishirin zaiba ne, guba ce tsantsa, kuma ita ce babbar abin kora ciki a akwatin kowane likitan Ingila na wancan zamani. Da ita ake maganin taurin ciki, da ita ake maganin zawo. 'Yan watanni bayan haka, a farkon 1806, jirgin Park ya biyo ta Yawuri, ya sauke jagoransa Amadi Fatuma, ya gangara Busa inda ruwa ya ci shi. Hugh Clapperton ya mutu a Sakkwato a Afrilun 1827, shi ma ciwon ciki ne ya kwantar da shi. Yaronsa Richard Lander ya dawo da ƙanensa John a 1830, suka shafe kimanin mako biyar a Yawuri suna neman takardun Park. Inda za a ajiye akwatin maganinsu gefe ɗaya, ƙoƙon filaskon wata tsohuwa Bagungiya gefe ɗaya, ƙoƙon ya fi aminci.

Su ma suna da nasu dattin cikin. A farkon ƙarni na 20 likitocin Turai sun yarda cewa bahayan da ya daɗe a hanji yana ruɓewa, gubarsa ta shiga jini ta kawo kasala da ciwon kai da tsufa da wuri. Wani babban likitan fiɗa a asibitin Guy's na Landan, William Arbuthnot Lane, ya kai ga yanke wa mutane babban hanji gaba ɗaya don taurin bahaya kawai, a zamanin da irin wannan fiɗa ke kashe mutane da dama. Likitoci a Amurka, cikinsu har da Walter Alvarez, su suka rushe wannan tunani da hujja mai sauƙi: ciwon kan da kasalar kan tafi nan take da an zaga, guba kuwa da ta shiga jini ba ta fita da wannan saurin. Cikar hanjin ce ke damun mutum. Sannan a 1965 wani bincike a Ingila ya tarar kashi 99 cikin 100 na masu lafiya suna zagawa ne tsakanin sau uku a rana zuwa sau uku a mako. Wato wanda ya tsallake kwana ɗaya ba shi da abin wankewa.

Kantunan zamanin mulkin mallaka suka kawo mana gishirin Epsom da man kasto da Andrews, wanda aka fara yi a Newcastle a 1894. Duk wanda ya karanta jikin gwangwanin Andrews zai ga ɗan uwan kanwa ne: mai kashe tsami, da mai riƙe ruwa a hanji, da sukari. Bambancin kawai an tace, an kuma ce cokali kaza. Wani kuma labarinsa abin dariya ne. Duk wanda ya yi kimiyya a sakandare ya san ruwan nan da ake ɗigawa a kwalba ya koma ruwan hoda, fenolftalin. A wajen 1900 hukumomin Hungari suka so sa shi cikin giyar jabu don a riƙa gane ta, sai masanin magani Zoltan Vamossy ya gano yana sa zawo. A 1906 aka fara sayar da shi a Amurka cikin cakulan da sunan Ex-Lax. Ya yi shekara 90 yana ciniki, har gwaji a jikin ɓeraye ya nuna alamar yana iya jawo kansa. A 1997 hukumar magunguna ta Amurka ta nemi a hana shi, kamfanin ya cire shi ya sa wani abu a madadinsa. Abin da ya sa shi ne sana.

A tsakanin nan, a shekarun 1940, masana a Suwizalan sun riga sun ware sinadarin da ke aiki a ganyen. Ba ya narkewa a tumbi, sai ya isa babban hanji ƙwayoyin halittar da ke zaune a can su farfasa shi, sannan ya tsokani bangon hanjin ya motsa ya kuma zubo ruwa. Shi ya sa wanda ya sha da dare sai da safe yake jin kira, bayan awa 8 zuwa 12. Tsofaffinmu sun san da dare ake sha. Miligiram ne ba su sani ba.

Daga nan tarihin ya juyo ta kanmu, mu 'yan Afirka, a matsayin abin misali. Denis Burkitt, likitan fiɗa ɗan Ailan da ya yi aiki a Yuganda, ya buga wani bincike tare da abokan aikinsa a 1972. Sun auna bahayan ƙauyawan Afirka suka tarar ya haura giram 400 a rana, abinci na ratsa su cikin kwana ɗaya da rabi, na Ingilishi kuwa bai wuce giram 100 da ɗoriya ba, yana kuma kwana uku ko fiye. Ya ce ɓawon hatsi da ganye ne sirrin, taurin bahaya da basir cututtukan masu cin farar fulawa ne. Yana da gaskiya babba, amma hoton ya yi sauƙi da yawa. Iyayenmu mata ma surfe suke yi su ba awaki dusa. Abin da ke ceton tuwonmu miya ce: kuka, kuɓewa, karkashi, rama, zogale. Yauƙin nan nasu irin zaren abinci ne mai narkewa a ruwa, kuma gwaje-gwajen baya-bayan nan sun nuna shi ke taimakon mai ciwon hanji, dusar alkama kuwa takan ƙara masa kumburi.

A daidai shekarun da Burkitt ke aune-aunensa, ƙasarmu na canza kama. An gina madatsar Kainji daga 1964 zuwa 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Busa da tsibiran Gungawa, aka tayar da mutum kimanin 44,000 zuwa sabbin ƙauyuka. Hanya ta zo, injin niƙa da na casa suka zo, burodi da shayi suka zama karin kumallo. A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, farar shinkafa ta ƙara mamaye tukunya. Ba mu ce a koma jiya ba, shinkafa ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma yaron da ya tashi kan taliyar leda da lemon kwalba hanjinsa ba irin na kakansa ba ne.

Sai dai akwai masu ciwon da abinci kaɗai bai bayyana shi. Ciki na murɗa musu watanni, ya kumbura da yamma, wani lokaci tauri wani lokaci zawo, a yi hoto a yi gwajin jini ba a ga komai ba. Irinsu ne ke yawo daga mai magani zuwa mai ruƙiyya, a ce taifot, a ce olsa, a ce sammu. Likitoci na kiran wannan IBS, mu ce hanji mai saurin harzuƙa. Jijiyoyin da ke tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa ne suka cika ji, iskar da wani ba zai lura da ita ba shi sai ta zame masa ciwo, damuwa kuma na hura wutar. Ba ya kisa, ba ya zama kansa, amma yana cinye wa mutum jin daɗin rayuwa. Sai a 1978 likitoci a Biristol suka tsara alamomin gane shi, daga baya wani taron masana da ke haɗuwa a birnin Rum ya riƙa sabunta su, na huɗu ya fito a 2016. An daɗe ana cewa ciwon Turawa ne, har wani bincike a Jami'ar Jos a 2005 ya same shi a jikin fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban da aka tambaya. Amma a yi hattara da irin waɗannan alƙaluma. A babban binciken da aka buga a 2021, wanda ya shafi ƙasashe 33 har da Najeriya, mutane guda aka auna da tsohon ma'auni suka ba da kashi 10 cikin 100, da sabon ma'auni suka ba da ƙasa da kashi 4. Mu masu aikin manhaja mun san wannan: canza sharaɗi ɗaya a tambayar da ka yi wa rumbun bayanai, sai rabin mutanen su ɓace, alhali babu wanda ya warke.

(Ga wani abin takaici ga Bayawuri. Masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostireliya sun gano jerin abincin da ke tayar da wannan ciwo saboda irin sukarin da ke cikinsu mai tsima a hanji. Albasa na sahun gaba.)

Da aka ba ciwon suna, sai kamfanoni suka shiga tseren yi masa magani. A 2002 Amurka ta amince da Zelnorm ga mata masu wannan ciwo haɗe da tauri. A Maris 2007 aka janye shi, bayan an tattara gwaje-gwaje an ga mutum 13 cikin 11,614 da suka sha sun sami bugun zuciya ko shanyewar jiki ko makamancinsu, a kan mutum 1 cikin 7,031 da aka ba ƙwayar bogi. Ya dawo a 2019 da sharuɗɗa, ya sake barin kasuwa a 2022. Wanda ya fi karɓuwa shi ne linakulotayid na 2012, kuma asalinsa ya kamata ya tsaya mana a rai. An ƙera shi ne bisa siffar dafin wata ƙwayar cuta, ikolai, wadda ke shiga ta gurɓataccen ruwa ta sa hanji ya yi ta zubo ruwa. Dafin da ke ƙarar da jarirai da gudawa a ƙauyukan bakin ruwa irin namu, shi aka rage wa ƙarfi aka auna aka sa a kwanso, ana sayarwa ɗaruruwan daloli a wata.

Labarin da ya fi amfanarmu ya fito ne daga masu araha. A 2023 aka buga gwajin da aka yi wa mutum 463 a Ingila, wanda ya nuna cewa amitiriftilin, tsohon magani mai rahusa, idan aka ba da ɗan kaɗan, miligiram 10 zuwa 30 da dare, yana rage ciwon hanji mai harzuƙa. Na likita ne ba na kemis ba, don shi kansa yana busar da bahaya. Kafin nan, a 2021, likitoci a Japan sun raba masu daɗaɗɗen taurin bahaya su 90 gida uku, na kwana 28: wasu sana, wasu gishirin maganisiya, wasu ƙwayar bogi. Kusan kashi 69 cikin 100 na masu sana suka ji sauƙi, kashi 68 na masu maganisiya, kashi 12 kacal na masu bogi. Yawancin masu shan sanar sai da suka rage yawanta saboda murɗa da zawo. Da wannan hujja manyan ƙungiyoyin likitocin ciki biyu na Amurka suka sa sana cikin jagoransu na 2023, karon farko, da shawarar a fara da kaɗan. Kusan shekara 190 ke nan bayan rasuwar Bello.

Wannan ba lasisi ba ne ga mai lasifika. Ƙwayar sana ta kemis an san miligiram nawa ke cikinta, gora kuwa yau ta yi ƙarfi gobe ta yi lami. Yawan kora ciki na zubar da ruwa da gishirin fotasiyam da zuciya ke buƙata, maganisiya kuma haɗari ce ga mai ciwon ƙoda. Sannan akwai taurin da magani ne ya kawo shi. Tiramol da kodin, waɗanda 'yan aikin ƙarfi ke sha don su jure, suna daskarar da hanji. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a Mayun 2018, amma tiramol bai bar kasuwa ba. Ƙwayar ƙarin jini ta masu juna biyu ma tana ɗaure ciki. Akwai kuma inda kora ciki ke kisa: ciki ya kumbura, ga amai, ko tusa ba ta fita. Wannan toshewa ce, ko ƙaba ta maƙale ko hanji ya murɗe, wuƙar likita yake jira. Wanda kuma ya haura hamsin bahayansa ya canza, yana ganin jini yana ramewa, kada ya yarda a ce masa basir ne sai an duba.

Mu na bakin tafki muna da ƙarin abin dubawa kafin a ce wa mutum hanjinsa ne ke harzuƙa. Ruwan da ya kwanta gida ne ga katantanwar da ke ɗauke da tsutsar tsargiya, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta turo masu bincike gefen Kainji tun 1970. Mun fi sanin mai sa fitsarin jini, amma tana da 'yar uwa mai kama hanji, mai kawo ciwon ciki na watanni da zawo mai zuwa ya tafi da ɗigon jini a bahaya. Masunci ko mai wanki a bakin ruwa zai iya shekara yana shan maganin basir a kanta. Ko tulu guda na filasko ya sha ba zai taɓa ta ba, domin ba a cikin hanji take zaune ba, cikin jijiyoyin jinin da ke kewaye da shi take, ƙwayayenta ne ke huda bango su fito. Gwajin bahaya a madubin likita ke nuna su. Maganinta firazikwantel, wanda aka samo a Jamus a shekarun 1970, ana sha sau ɗaya, miligiram 40 kan kowane kilo na nauyin mutum. Da yake ba kowace makarantar ƙauye ke da sikeli ba, sai aka yi sanda mai zane-zane. Yaro ya tsaya jikinta, inda kansa ya kai shi ke faɗin ƙwaya nawa za a ba shi, daga ɗaya zuwa biyar, bayan ya ci abinci.